Kaso na Takwas Yana Rogo

Anti Rekiya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin abin da nake tsoro ba ya jira. Na san filin nan naki na matsalolin waya da kwamfuta ne. To tawa matsalar rabinta ta kwamfuta ce, rabinta kuma ta 'yan'uwana ce, waɗanda wallahi da ana sayar da hankali a kasuwar Karaye da tuni na yi musu sari. Kada ki saka sunana. Ko kin saka ma ba mai karanta jarida a gidanmu, amma dai a bar shi.

Mu biyar ne wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Yaya Salisu ne babba, sai ni, sai Zaharaddini, sai Na'ima, sai autarmu Barira da ke aure a Rogo. Baba manomi ne a Tudun Kaya, ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma bai bar mana hoto ba sai na katin zaɓe, wanda in kika gani za ki rantse ba shi ba ne. Mahaifiyarmu, Inna, tana wurina a Karaye tun da ta fita takaba. Hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu, na daman kuma likita a Kano ya ce tafiya yake yi, magani jinkirta shi kawai yake. Yanzu in mutum ya tsaya a bakin ƙofa, da murya take fara gane shi kafin fuska.

Akwai wani ɗan maƙwabcinmu na Tudun Kaya, Musbahu. Lokacin da yake karatun aikin gona ya taɓa zuwa da kyamara ya ɗauki Baba bidiyo na kusan awa biyu, yana tambayarsa kan tsohon irin gyaɗar da yake adanawa tun na kakanni. Mu duk mun manta da zancen. Watan jiya sai ga kiransa daga ƙasar waje, inda yake ƙarin karatu. Ya ce ya tsinci bidiyon a tsohuwar kwamfutarsa da ke shirin mutuwa, ya samu ya ɗora shi a intanet, ga adireshin da za mu latsa mu sauke, amma kwana bakwai kacal zai yi a wurin. Ya ce Baba na ciki yana magana yana dariya, kuma can wajen ƙarshe Inna ta shigo da kwanon fura, Baba ya sa ta zauna kusa da shi yana tsokanarta, ita kuma tana ta jan mayafi tana rufe fuska. Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya, ta ce ta tuna ranar, sannan ta juya fuskarta bango. Ni ma sai da na fita tsakar gida na share ido.

Na fara gwadawa da wayata. Kin san sabis ɗinmu, sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Sau biyu yana wuce rabi ya yanke ya koma farko, har datata ta ƙare ban samu komai ba. Nan Yaya Salisu ya ji labari ya ce a bar masa, wannan aikin masana ne.

Bari in gaya miki waye Yaya Salisu. Tun ranar da aka ajiye masa kwamfuta a teburinsa a ofishin da yake aiki, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya zama injiniya. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, yana neman kowane harafi kamar ya ɓata masa, amma in ya zauna a majalisa sai ki ce shi ya haɗa intanet ɗin da hannunsa. Har tabarau ya saya, alhali lafiyar idonsa ƙalau. Ya ce intanet ɗin ofishinsu ba irin namu na talakawa ba ne, kafin a yi azahar zai kawo mana Baba a aljihu.

Azahar ta yi, la'asar ta yi, ba Baba. Bidiyon megabait ɗari bakwai da sittin ne, amma duk sanda ya latsa sai ya tafi tiryan-tiryan, yana kaiwa ɗari cif sai ya tsaya ya ce an samu matsala. Sau goma sha ɗaya ya yi haka cikin kwana uku, kuma kullum a wuri ɗaya. Ko akuya aka buge sau goma sha ɗaya a ƙofa ɗaya ai ta tsaya ta duba ƙofar. Shi kuwa da farko ya ce Musbahu ne ya turo ruɓaɓɓen abu. Daga baya ya ce akwai masu yi masa hassada a ofis. A rana ta uku ya kinkimi kwamfutar ya kai ta bakin taga don ta fi samun sabis, alhali da igiya intanet ɗinsu yake shiga.

A nan ne Malama Mas'uda, mai kula da kwamfutocin ofishin, ta gan shi yana gumi da kwamfuta a hannu. Ita ta yi masa bayani cewa duk abin da zai shigo musu daga intanet sai ya bi ta wata na'ura da suke kira furoksi, kuma an saita ta ne kada ta bar wani fayil da ya wuce megabait ɗari ya shigo, don kada ma'aikata su cika layin da finafinai. Ta nemi izinin ogansu, ya yarda saboda ya san Baba. Sai ta saita wata manhaja da za ta riƙa roƙo bidiyon kaɗan-kaɗan, kowane kaso bai wuce ɗari ba. Ta kunna ranar Alhamis, ta tafi kwas Kano na mako biyu. Ita ta ce sau uku tana gaya masa in sun gama sauka kada ya taɓa su sai ta dawo ta haɗa. Shi ya ce bai ji ba. Na yarda bai ji ba, domin tunda nake ban taɓa ganin Yaya ya ji maganar mace da ta girme shi ba, balle wadda ya girma.

Anti, zauna da kyau. Da safiyar Juma'a ya buɗe kwamfuta ya tarar da kaso takwas, an jera su da lamba daga ɗaya zuwa takwas. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Wai tumunin Inna kaso ɗaya, saura bakwai, maza biyu kowa bibbiyu, mata uku kowa ɗai-ɗai. Ya ce wannan ba aikin mutum ba ne, abu na ƙarshe da Baba ya bari ne ya zo a rabe da kansa yadda shari'a ta tsara. Ya nemo katunan memori guda shida, ya zuba wa kowa rabonsa bi da bi daga Inna zuwa auta. Sannan ya goge na kwamfutar ofis kaf, har da kwandon sharar, wai ba zai bar fuskar mahaifiyarmu abokan aiki suna kallo ba.

Bayan an sauko masallaci ya tara mu a gidana, ya sha babbar riga, ya yi dogon jawabi. Ya miƙa wa kowa katinsa a naɗe cikin takarda da suna a jiki. Ya ce kowane kaso Baba ne na kamar minti goma sha biyar, wanda yake son ganin na ɗan'uwansa sai ya taka ya je gidansa, ta haka zumunci zai ɗore. Zaharaddini har da kabbara. Barira ba ta zo ba, sai aka ba direban motar Rogo nata ya kai mata.

Inna ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta ɗaura sabon ɗankwali kamar za ta karɓi baƙo, ta gyara zama a kan tabarma. Na sa katinta a wayata na latsa. Wayar ta ce ba za ta iya buɗe wannan abu ba. Na sa nawa, haka. Muka sa na Yaya duka biyun, muka sa na Zaharaddini, muka sa na Na'ima, ko ɗaya bai motsa ba. Inna tana zaune tana kallon wajen da take jin muryoyinmu tana jira. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Muka koma kan adireshin Musbahu, kwana bakwai sun cika, ya rufe. Muka kira shi, ya ce kwamfutar ta mutu murus tun kwana biyu da ɗorawa.

Da Malama Mas'uda ta dawo ta ji abin da aka yi, an ce sai da ta dafe kai ta nemi kujera. Ta ce a tattaro mata duka takwas ɗin. Yaya kuwa har yau bai koma wurinta ba, ta ƙofar baya yake shiga ofis, kuma yana bin gari yana cewa ita ce ta daddatsa bidiyon ta lalata shi. Borin kunya dai.

Ni na bi gida-gida na tattaro. Na Na'ima da ƙyar ya tsira, domin mai cajin waya na unguwarsu ya gaya mata bairas ne, har ya ɗora yatsa zai goge. Zaharaddini kuma, don gwaninta, ya canza wa nasa biyun suna, ya cire lambobin, ɗaya ya sa masa Gadona, ɗayan Allah Jiƙan Baba, yanzu bai san wanne ne gaba ba. Duk da haka kaso bakwai suna hannuna, katunansu a cikin gwangwanin alawa. Na takwas yana Rogo.

Ni da Barira ba ma magana tun ranar sadakar arba'in. Baba yana da wata tukunya da yake ajiye tsohon irin gyaɗarsa, aka neme ta ranar aka rasa. Ni kuma na ga Barira ta fito daga ɗakinsa da ƙunshi a hammata. Sai na faɗa a gaban matan da suka zo cewa wasu tun ba a share makoki ba sun fara kwasar kaya zuwa Rogo. Ashe tsohon bargon Baba ne Inna ta ba ta. Tukunyar kuma da damina ta zo Zaharaddini ya gan ta a cikin rumbu, inda Baba ya ɓoye ta da kansa. To amma Anti, kowa ya ga abin da na gani ai haka zai zata. Kuma yarinyar nan ni na goye ta, ni na yi mata kitso har ta yi aure. Yanzu ni ce zan hau mota in je in durƙusa mata?

Na aika Na'ima ta gaya mata ta ba direba abin nan da ba ya mata amfanin komai ya kawo. Amsar da Barira ta aiko ita ce gadonta ne, kuma ta sa an duba mata a Rogo an ce nata sittin ne alhali na sauran mata ɗari-ɗari, wato ko a nan ma sai da aka cuce ta. Ta ƙara da cewa tunda ita ɓarauniya ce, wadda ta ba ta sunan ta zo da ƙafarta ta karɓa. Ji rashin kunya. Tsorona kada ta goge shi don haushi, ko 'ya'yanta su cika katin da waƙoƙi.

Tambayata ita ce, ba za a iya haɗa bakwai ɗin nan a bar na takwas ba? Shi ne fa mafi ƙanƙanta, kuma na ƙarshe ne, wataƙila sallama ce kawai da godiya. Ko akwai wata dabara da za a sake janyo shi daga intanet? Ban gaya wa Inna inda aka tsaya ba. Kullum da safe in na kai mata koko sai ta tambaya ko hoton Malam ya iso, ni kuma in ce sabis ne. Don Allah ki ba ni hanya ta kwamfuta, kada ki ce mini in je Rogo.

Taki,
Babbar Ya Mai Takaici, Karaye

*

Wa alaikumus salam, Babbar Ya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Inna lafiya.

Shekaru na yi ina amsa wasiƙu a filin nan, na ga wanda ya wanke wayarsa da omo don ta daina nauyi, amma ban taɓa jin an yi wa fayil rabon gado ba sai a gidanku. Na yi dariya har na kai wurin da Inna ta sa kwalli ta zauna, daga nan dariyar ta tsaya. Don haka bari mu yi abin da ya kawo ki.

Furoksin ofishin ba maƙiyin kowa ba ne. Mai gadin ƙofa ne da aka ce masa kada kaya mai nauyin kaza ya wuce, ya kuma yi aikinsa sau goma sha ɗaya ba tare da ya gaji ba. Duk sanda kika ga saukewa tana tsayawa a adadi ɗaya cif, ba sabis ba ne, ba hassada ba ce, iyaka aka sa, kuma sake latsawa ba ya ɗaga ta. Abin da Malama Mas'uda ta yi shi ne daidai, har da neman izinin da ta fara yi. Ba ta datsa bidiyon ba. Ta roƙi wurin da yake ajiye ne ya ba ta daga nan zuwa nan, sannan daga nan zuwa can, har ya ƙare. Irin waɗannan kaso ba gajerun bidiyoyi ba ne. Kamar yadin da tela ya yanka ne bai ɗinka ba, wani ya tafi da hannu, wani da wuya, ba wanda zai iya sawa ya fita. Sai an jera su bisa lamba an haɗa su su koma abu ɗaya.

Yayanki ya yi wauta, kuma wautar mai babbar riga, wadda ta fi ciwo. Amma ki lura, bai ci rabon kowa ba, kuma gogewar da ya yi kishin mahaifiyarsa ne ya sa shi. Laifinsa ɗaya ne, an gaya masa bai saurara ba, yanzu kuma yana shafa wa wadda ta taimake shi baƙin fenti. Wannan ya daina. Ki gaya masa in ji ni, injiniyan da ya kai kwamfuta taga ba shi da bakin zagin aikin kowa.

Maganar sittin da ɗari kuwa, ba wanda ya cuci Barira. In aka ɗebi ɗari-ɗari sau bakwai daga ɗari bakwai da sittin, abin da ya rage shi ne sittin. Kaso na ƙarshe kullum ragowa ne. Sai dai ga abin da ba za ki so ji ba. Kyamarori da yawa sai sun gama ɗauka suke rubuta jadawalin bidiyon a can ƙarshensa, wato bayanin da ke gaya wa waya inda kowane hoto yake da inda kowace murya take. Ina kyautata zaton shi ya sa ko na Inna, da yake na ɗaya, ya ƙi buɗewa. In haka ne, ɗari bakwai ɗin da ke cikin gwangwaninki ba za su yi magana ba sai da sittin ɗin Rogo.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai gwanaye da kan yi ƙoƙarin farfaɗo da bidiyon da ya rasa ƙarshensa. Sukan nemi wani bidiyon da aka ɗauka da kyamara iri ɗaya, su yi ta gwaji, wani lokaci a dace, wani lokaci hoto ya fito ba murya, wani lokaci a tashi a tutar babu. Aikin makonni ne, kuma ba a bakin tasha ake samun masu yinsa ba. Ko an dace ɗari bisa ɗari, kusan minti goma na ƙarshe sun tafi. Kin ce wataƙila sallama ce da godiya. Haba Babbar Ya. Ke da hannunki kika rubuta mini abin da Musbahu ya ce yana wajen ƙarshe. Inna ba darasin irin gyaɗa ta yi wa kwalliya ba.

Adireshin da ya rufe yawanci ya rufe ke nan. Duk da haka ki ce wa Musbahu ya duba ko wurin da ya ɗora yana da sauran ajiya, kuma ya kai tsohuwar kwamfutar wurin mai gyara, domin sau da yawa kwamfuta kan mutu ma'ajiyarta na nan da rai. Ki sa wannan a matsayin wataƙila, kada ki jingina da shi.

Yau ɗin nan, kafin komai, ki kai bakwai ɗin wurin Malama Mas'uda da kanki, ki yi mata godiyar da gidanku bai yi mata ba, ta kwafe su a filash da kuma wani wurin daban. Katin memori abu ne mai saurin lalacewa, gwangwanin alawa kuma ba banki ba ne. Kada kowa ya sake canza musu suna, kada a ba mai caji ya yi musu wanki, kuma in waya ta tambaya ko a share katin a gyara shi, amsar a'a ce. Na Zaharaddini ba abin tashin hankali ba ne. Tunda bi da bi aka raba, nasa su ne na biyar da na shida. Malama Mas'uda za ta duba lokacin da kowanne ya sauka, in hakan bai nuna ba ta gwada ta nan ta gwada ta can, hanya biyu ce kawai. Na takwas kuma kada a turo shi ta manhajar hira, kada a sake ba direba. Hannu da hannu. In sun cika, haɗawar ba za ta kai tsawon shan shayi ba. Ki roƙe ta ta fitar da cikakke ga kowannenku, da ƙarami wanda waya za ta ɗauka, da kuma na murya zalla, wanda Inna za ta ci gaba da saurare. Ranar kallo ku nemo allo mafi girma da za ku samu, a rage hasken ɗaki, a zaunar da ita kusa ta ɓangaren idon dama.

Saura ke. Kin raba wa kowa rashin hankali a wasiƙarki, Yaya ya samu kaso biyu, Zaharaddini ya samu, har mai caji bai tsira ba, amma naki kika bi ta kansa a guje kamar ba a gani. Kin kira ƙanwarki ɓarauniya a gaban mata, a gidan makokin ubanta. An ga tukunyar tun daminar bara. Daga ranar zuwa yau bakinki bai buɗe ba, sai da kika buƙaci abin hannunta, sannan ma aike kika yi, kina kiran abin da cewa ba ya mata amfani. Goyon da kika yi mata da kitson, Allah Ya ba ki lada, amma ba su ba ki lasisin ɓata mata suna ba. Wadda ta goyi mutum ita ta fi kowa sanin ba ɓarawo ba ne.

Barira ma ba ta kyauta ba in har ta san abin da take riƙewa. Sai dai ina shakkar ta sani. A saƙon da kika aika ba Inna, ba idonta, ba maganar cewa in babu nata ba abin da zai buɗe. Kin ɓoye mata ne don kada ta gane kina buƙatarta. Kin kuma ɓoye wa Inna, domin kin san kira ɗaya za ta yi Barira ta hawo motar farko, kuma kin san tambayar da Inna za ta yi miki bayan ta ajiye wayar. Sabis ɗin Karaye yana da laifuffuka da yawa, amma wannan ba nasa ba ne, ki daina ɗora masa.

Kin ce kada in ce ki je Rogo. Ki je Rogo. Ki tafi gobe da safe, ki ɗauki Na'ima ta zama shaida. Kada ki fara da zancen kati. Ki ce mata kin yi mata ƙazafi, an ga tukunya, kin yi shiru, ta yafe miki, kuma kada ki saka kalmar amma a ciki ko sau ɗaya. Tunda a gaban mata kika faɗa, ki yi mata alkawarin a gabansu za ki janye, ki kuma cika. Bayan nan ki gaya mata gaskiyar halin da idon Inna yake ciki. Za ta iya yi miki kuka, za ta iya gaya miki maganganun da ta tara shekara biyu. Ki zauna ki sha, kin ci bashinsu. In ta miƙo katin kada ki karɓa ki juyo. Ki ce ta riƙe abinta ta taho da shi, a haɗa a gabanta, ta zauna kusa da mahaifiyarta a kalla tare. In kuwa kin je ta ƙi, to ranar ki gaya wa Inna komai, ki bar uwa ta kira 'yarta.

Ke kina da shekaru a gaba da za ki yi fushi da Barira in kina so, ba mai hana ki. Inna ido ɗaya ya rage mata, kuma kowace safiya da kika ɓata kina neman dabarar da za ta hutar da ke cewa yi haƙuri, daga haskensa ake cirewa. Likita ya ce ba ya dawowa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sanyaya zuciyar ƙanwarki, Ya sa Inna ta ga mijinta da idonta.

Anti Rekiya